Mai Motar Haƙa a Maraɗi: Ina Aiki Yake, Ta Ina Ake Jin Labarinsa?

Masu sauraronmu da dama, musamman ƴan uwa da ke ci-rani a Kano, Legas, Agadas da ƙasashen waje, kan yi tambaya ɗaya: in mutum ya tara kuɗi ya sayo motar haƙa, wadda muke ce wa katafila, ya ajiye ta a Maraɗi, ta ina za ta samu aiki? Tambayar tana da nauyi, don wannan mota ko tana tsaye ci take yi. Direba na jiran albashi, mai gadi na jiran nasa, in kuwa da bashi aka sayo ta, mai bashi bai san damina ko rani ba.

A wannan yanki ruwa ne babban mai ba da aikin haƙa. Dattawa sun san cewa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da birnin Maraɗi daga kwari zuwa tudu. Har gobe ruwan da ya sauka a tudu gangarowa yake yi ya nufi Gulbi, yana cin hanya, yana buɗe rami a rairayi. Daminar 2024 ta sake nuna haka, gidaje masu yawa sun rushe a jihar. Saboda haka mai mota ya riƙe lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuni ake neman masu yashe magudanan ruwa da cike ramuka kafin ruwa ya sauka. Daga Oktoba kuma sai kwashe ɓaraguzai, gyaran hanyoyin burji da haƙa tushen sabon gini, tunda kaka ta yi, kuɗi ya shigo hannun mutane. A tsakiyar damina aiki kan ja baya, lokacin gyaran inji ke nan.

Aikin da ya fi kusa da ƙaramin ɗan kwangila ba a jarida yake fitowa ba. A bakin magina yake. Kafin mai fili ya nemi katafila, ya riga ya yi magana da magini, da mai buga bulo, da mai sayar da siminti, da direban tifa da zai kawo masa yashi da tsakuwa. Waɗannan su ne kunnuwan mai mota. Wanda ke zagaya sabbin filaye a bayan unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo, ko gefen hanyar Ɗan Isa, zai gani da idonsa: inda aka kafa turakun iyaka, aka zube tifa biyu ta yashi, to ana dab da fara gini. A nemi maginin wurin, a bar masa lamba. In ya kawo aiki a ba shi ladansa cikin mutunci, ba sai ya roƙa ba. Magini ɗaya da ya yarda da kai ya fi allon talla goma.

Amma a san irin ginin da ake nema. Ɗaki biyu da falo, lebura huɗu da diga da shebur sun gama tushensa a kuɗin da bai kai na gazuwal ɗin mota ba. Mota tana cin riba ne a gidan mai, sito, makaranta, gidan bene, babban ramin shadda, ko filin da sai an baje tudu an cike kwari.

Tibiri da Jiratawa kowanne da irin nasa. Tibiri, wato Tsibirin Gobir, tana bakin Gulbi, kuma tana cikin gundumar Gidan Runji, don haka sanarwar aikinta ba lallai a gan ta a allon Maraɗi ba, sai an taka can. Jiratawa kuwa ta gundumar Madarunfa ce, kuma tana da filin noman rani da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, wanda hukumar ONAHA ke dafa wa ƙungiyoyin manoma wajen kula da shi. Inda akwai hanyoyin ruwa da hanyoyin shiga gona, gyara ba ya ƙarewa. Shugabannin ƙungiyar manoma su ke fara sanin abin da ya toshe da abin da ya zaizaye. Akwai kuma masu lambuna a fadamar Gulbi da ke son a baje musu fili ko a haƙa musu wurin tara ruwa. Dabara a nan ita ce a haɗa aikin mutum uku ko huɗu a ƙauye ɗaya, a raba kuɗin ɗauko mota. Katafila mai sarƙa ba ta tafiya a kan kwalta da ƙafarta, sai an ɗora ta a babbar mota, kuma wannan kuɗin shi ke kashe ƙananan ayyuka.

Sai aikin hukuma. Kowace ƙaramar hukuma tana da tsarin raya ƙasa na shekaru, da kuma tsarin ayyukan shekara, inda ake rubuta hanyar da za a gyara da tabkin da za a yashe. Wanda ya je ma'aikatar magajin gari ya gaida jami'in ayyuka, ya tambayi abin da aka tsara bana, ya riga wanda ke jiran sanarwa da watanni. Haka ofishin Génie Rural na jiha, inda maganar hanyoyin karkara da madatsun ruwa ke bi. Manyan sanarwoyi kuwa suna fitowa a jaridar Le Sahel. Ba a shiga wannan layi hannu sake: sai da rajistar kasuwanci ta RCCM, da lambar haraji ta NIF, da shaidar biyan haraji, da ta CNSS. A shirya su tun kafin a ji labarin aiki, don wa'adin ajiye takardu ba ya jiran kowa.

A ganinmu, mai mota ɗaya bai kamata ya fara da neman kwangilar hukuma da sunansa ba. Kuɗin irin wannan aiki yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, gazuwal kuwa a take ake biya. Ya fi masa sauƙi ya bibiyi wanda ya ci kwangilar. Da an bayyana sunan kamfanin, a same shi a makon, a ce ga mota a nan Maraɗi, ba sai an ɗauko wata daga Yamai ba, tafiyar fiye da kilomita 600. Wannan tazara ita ce ribar ɗan gida. Masu sa ido kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, su ma ta wannan ƙofar za su nema, amma kada kowa ya ci bashi don aikin da bai iso ƙofarsa ba.

Ko da wa aka shirya, a rubuta. Da awa za a biya, da yini, ko da yawan ƙasar da aka kwashe? Wa zai zuba gazuwal? In ruwa ya hana aiki yini biyu, asarar ta wa ce? A karɓi kafin alƙalami kafin mota ta bar gida. A cikin gari kuma a tuntuɓi ma'aikatar ruwa da NIGELEC kafin a kafa haƙori a ƙasa, don bututu ɗaya da aka fasa yana iya cinye ribar wata.

Ga ƴan uwa na waje da suka ba ƙane ko ɗa amanar mota: ku nemi a riƙa turo muku hoton agogon awa na injin ta WhatsApp kowace Juma'a, tare da sunan wurin da aka yi aiki da kuɗin da aka karɓa. Ku ma kuna iya kawo aiki daga inda kuke, domin yawancin abokan zamanku a can suna da fili a gida da suke shirin ginawa, kuma sau da yawa ku ne za ku fara jin ranar da za a aiko da kuɗin tushe.