Iyakar da ido ba ya gani a cikin ƙarfen jirgin sama

Jama'a, duk lokacin da ake cika baki da arzikin ma'adinai, ni tarihin injin jet ke faɗo mini a rai.

A ranar 15 ga Mayun 1941 jirgin jet na farko na Ingila ya tashi da injin Frank Whittle. Babban ciwon kansa shi ne fukafukan farfelar da ke juyawa cikin wutar injin: zafi ya yi yawa, ƙarfe sai ya riƙa miƙewa sannu a hankali har ya tsage. Kamfanin Mond Nickel ne ya kawo mafita da wani haɗin ƙarfe mai suna Nimonic 80, wato nikel da kuromiyam da ɗan titaniyam da alminiyam. Jamus kuwa ba ta da isasshen nikel, shi ya sa injinta Jumo 004 da ƙyar yake aikin awa 25 kafin a sauke shi.

To amma nikel kaɗai bai isa ba. Ƙarfe ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna, kuma a kan iyakokinsu tsagewa ke farawa. Yayin da ake ƙera shi da zafinsa, kabon da kuromiyam kan haɗu su taru a waɗannan iyakoki. In suka zauna ɗigo-ɗigo, sai su riƙe ƙwayoyin kada su zame. In suka zama shimfiɗa ɗaya doguwa, shi ke nan, ƙarfen ya yi gautsi. Yawan zafin da aka ba shi da saurin hucewarsa su ke raba gardama.

A shekarun 1960 Frank VerSnyder na kamfanin Pratt & Whitney a Amurka ya ɓullo da zubin da ke jera ƙwayoyin a tsaye. Daga baya aka kawar da iyakokin gaba ɗaya, kowane fiffike ya zama ƙwaya guda. A 1982 irinsa ya fara ɗaukar fasinja a Boeing 767.

Abin lura a nan, shekara 40 aka kwashe ana bin abin da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Injinan tashoshin lantarkinmu na gas, irin na Geregu, da wannan dangin ƙarfe suke aiki, kuma daga waje ake sayo fukafukansu. Don haka in an ce mana an gano ma'adini, ni tambayata ita ce: nawa aka ware wa ɗakunan binciken ƙarafa a jami'o'inmu, kuma wa zai riƙe masanan su zauna?