Asalin Gidan Waya a Ƙasar Rano

Wasiƙa ta girmi gidan waya a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Tun kafin Bature ya tako ƙasar nan sarakuna suna aika wa juna takardu, malamai ma haka. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo abin ya ƙara ƙarfi, domin daula ce mai faɗi, ba ta riƙuwa sai da rubutu. Wazirin Sakkwato ke kula da al'amuran Kano, saboda haka takardu ba su yankewa tsakanin gidansa da fadar Kano. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri.

Ga yadda ake yi a lokacin. Magatakarda ya feƙe alƙalaminsa na kara, ya tsoma a tawada, ya rubuta da Larabci a kan takardar da fatake suka ƙetaro hamada da ita daga Tarabulus. A Italiya ake yin takardar nan, in ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta. In ya gama sai a buga hatimin sarki, a ninke, a sa a gafaka, a miƙa wa manzo. In Rano aka nufa, mai doki mai ƙarfi ya iya sammako daga Kano ya isa a ranar, mai ƙafa kuwa sai ya kwana a hanya. Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, sarkinta kuma a lokacin a garinsa yake zaune, ba kamar yawancin hakimai ba da ke zaune a birni suna tura jakadu ƙauyukansu.

Wannan na sarakuna ke nan. Talakan Lausu ko Zurgu ko Tarai ba ruwansa da hatimi. In ɗansa ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro, ko ya tafi gabas neman karatu, sai ya kasa kunne ya ji wa zai bi wannan hanya, ya je ya ba shi sallahu. Yawanci saƙon baka ne. In maganar mai nauyi ce, ta gado ko ta aure, a sami malamin zaure ya rubuta 'yan layuka da ajami. Ba a biyan mai kai saƙo, sai godiya da addu'a, don shi ma gobe zai nemi wanda zai kai masa nasa.

To, shi gidan waya irin wanda muka sani, asalinsa daga Ingila ne. A da can wanda aka kai wa wasiƙa shi ke biyan kuɗin ɗauko ta, kuɗin kuma da tsada, har matalauci yakan ƙi karɓa. Sai wani mutum mai suna Rowland Hill ya ba da shawara a juya abin: mai aikawa ya biya tun farko, kuɗi kaɗan, kuma farashi ɗaya ko ina za ta a cikin ƙasar. A 1840 aka fara, aka buga wata 'yar takarda baƙa ta kwabo ɗaya mai hoton kan Sarauniya Biktoriya, ana manna ta a jikin wasiƙa shaidar an biya. Sauran ƙasashe suka ga dabarar ta yi, suka ɗauka. A 1874 suka taru a birnin Bern na ƙasar Suwizalan suka ƙulla yarjejeniya, kowace ƙasa ta riƙa isar da wasiƙar 'yar'uwarta.

A ƙasarmu, Ikko ce, wato Legas, ta fara samun gidan waya a 1852. Kamfanin Turawa da ke ciniki a kogin Kwara ya buɗe nasa a Lakwaja a 1899. Shekara ta zagayo, Gwamna Lugga ya kafa mulkin Arewa, aka buga mata nata takardun mannawa, da hoton sarauniya, bayan rasuwarta kuma da na Sarki Edward, shi ya sa har yau muke cewa kan sarki.

A farkon 1903 rundunar Turawa ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu. Ba su daɗe da zama ba suka kafa turaku suka ja wayar tangaraho daga Zungeru ta Zariya har Kano, don Razdan ya riƙa jin umarnin Gwamna a rana ɗaya. Hukuma guda ce ke riƙe da waya da wasiƙa, a ɗaki guda ake yin su, sai mutane suka sa wa ɗakin suna gidan waya. Wasiƙu kuwa a ka ake ɗaukar su, masinja ya yi zango ya miƙa wa na gaba, har sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karɓi kayan. A 1936 jirgin sama ya fara kawo wasiƙu Kano ta hanyar Hartum.

Ku lura, duk wannan ba don talaka aka yi shi ba. Bature ya kafa gidan waya ne don mulkinsa da cinikinsa: Razdan da Di'o, da kamfanonin sayen gyaɗa da fata, da akawunansu 'yan kudu mazauna Sabon Gari masu aika kuɗi gida. Layin dogo ma bai bi ta Rano ba, ta yamma ya wuce, ta Ɗangora da Madobi. Abin da ya fara kawo takarda Rano a kai a kai shi ne aikin En'e. Lissafin haraji da jangali, da takardun alƙali, da umarnin Sarkin Kano, duk sai sun je sun dawo. Masinjan hakimi ke wannan zirga-zirga, da ƙafa, daga baya a kan keke. Mai wasiƙa ya tare shi a ƙofar fada ya ce, “Don Allah in ka shiga birni ka jefa mini wannan.” Da haka wasiƙar talaka ta sami shiga, a gefen jakar hukuma.

Da wasiƙu suka yawaita, hukuma ta ga ba za ta iya gina gidan waya da ɗaukar ma'aikata a kowane gari ba. Sai ta fito da tsarin wakilci. A sami amintaccen mutum mai ilimin boko a garin hakimi, mai kanti ko malamin En'e, a ba shi kan sarki ya riƙa sayarwa, da ɗan sikeli na awon wasiƙa, da hatimi mai sunan garin da kwanan wata, da buhu mai makulli. Yana karɓar wasiƙu ya tara, ranar da mota za ta birni ya ɗaure buhu ya tura, a dawo masa da wani. Ba albashi yake ci ba, ɗan alawus ne. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, cikakkun gidajen waya 176 ne a ƙasar duka, da ƙanana 10, amma wakilai sun kai 1,000. A ƙasar da ƙidayar 1963 ta ba ta mutum sama da miliyan 55, kun ga ashe wakilan nan su ne gidan wayar mutanen karkara. Gari sai ya nuna yana da ciniki sosai kafin a ɗaga shi a ba shi gini da ma'aikaci da akwatuna masu lamba.

Su wa ke rubuto wa mutanen ƙasar Rano? Na farko sojoji. A yaƙin duniya na biyu an kwashi samarin Arewa da yawa zuwa Bama, wasiƙa kaɗai ke gaya wa uwa ɗanta na da rai. Sai 'yan ci-rani da suka gangara kurmi da rani, da fatake mazauna Ibadan da Kumasi, da alhazan ƙafa da suka yada zango a Sudan shekara da shekaru suna neman guzuri. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya a 1939 Abubakar Imam na editanta, ta koya wa mutane cewa talaka ma yana iya rubuta wasiƙa a buga ta kowa ya karanta. Yaƙi da jahilci na shekarun 1950 ya ƙara yawan masu riƙe fensir, lardin Kano ma har da jaridarsa mai suna Sodangi. Da rediyo ya bazu, sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, sai ga samarin ƙauye suna sayen kati da kan sarki don a karanta gaisuwarsu a ji sunan garinsu.

Amma fa buhu a Rano yake tsayawa. Ba a taɓa yin ma'aikacin da zai bi gida gida a Lausu ko Saji ko Madaci yana raba wasiƙa ba, gidajen ma ba su da lamba. Abin kamar ruwan madatsar Tiga ne, hukuma ta haƙa babbar hanya, amma manomi ke jan 'yar kwata zuwa fangalinsa. Shi ya sa adireshin mutumin ƙauye kullum da “ta hannun” a ciki: ta hannun dagaci, ta hannun hedimasta, ta hannun mai kanti wane. Akwati guda na makarantar firamare sai ya ɗauki gari sukutum. Hedimasta ya hau kekensa ya je ya buɗe, ya dawo ya tsaya gaban yara bayan an taru da safe yana kiran sunaye, kowane yaro ya karɓi ta unguwarsu. Ran kasuwa ma wakili yakan leƙo ya hangi mutumin Rurum ko Kibiya ya ce, “Malam, tsaya ka tafi da wannan, ta mutanenku ce.”

In ta isa gida, saura karatu. Tsohuwa ta karɓi ambulan, ta juya shi, ba ta buɗe ba, ta soke a ƙarƙashin tabarma har ɗan makarantar maƙwabta ya taso.

“Ɗan nan, zo ka duba mini, daga kurmi ne.”

“To, Iya.”

Ya durƙusa ya yage baki a hankali, ya fara: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga mahaifiyata, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Daga nan sai jerin gaisuwa, a gai da Baffa, a gai da Inna, a gai da Malam, kowa da sunansa, don wanda aka tsallake sai ya ji haushi. Ainihin maganar a can ƙasa take, layi biyu ko uku: ga kuɗi nan a sayi taki, ko a nema mini auren wance, ko ina nan tafe kafin shuka. Tsohuwa ta ce, “Sake karanta mini wurin nan.” Ya sake. Sannan ta sa shi ya yago takarda daga tsakiyar littafinsa, tana faɗa yana rubutawa. Yaron nan ya san wa ke bin bashi, wa ke rashin lafiya, wace ce aurenta ke rawa, amma tun yana ƙarami an koya masa abin da ya karanta a ɗakin wani a ɗakin yake barinsa. Ni a ganina waɗannan yara da hedimastoci da direbobi sun yi wa gidan waya aikin da bai taɓa biyan su ba, kuma ba don su ba da rabin wasiƙun karkara a buhu za su ruɓe.

Kuɗi ba a sa su tsirara a ambulan, sai mai ganganci. Mai aikawa ya biya a gidan wayar inda yake, a ba shi takardar kuɗi ya sa a wasiƙar rajista. Wanda aka aiko wa sai ya taka da kansa har Rano, da wanda zai shaide shi, ya dangwala yatsa, a ƙirga masa fam da sule, daga 1973 kuma naira da kwabo. Akwai kuma asusun ajiya na gidan waya, da ɗan littafinsa, tun ba a san banki a karkara ba. Wayar tangaraho kuwa ba a buga ta sai da dalili, don kowace kalma kuɗi ce, shi ya sa in aka ce an bugo wa gidan wane waya sai gaban mutane ya faɗi, yawanci rasuwa ce.

Rano ta zama hedkwatar ƙaramar hukuma a gyaran 1976, daga baya aka fitar da Bunkure da Kibiya daga cikinta. Shekarun nan su ne ganiyar wasiƙa, makarantu sun yawaita, takardun jarrabawa da na samun gurbin karatu da na kiran aiki duk ta akwati suke zuwa, yaro yakan rasa makaranta don kawai takardarsa ta makara a hanya. A 1985 gwamnati ta raba tsohuwar hukumar gida biyu, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙa. Wayar salula ta shigo a 2001, kafin shekara goma mai kiran sunaye a makaranta ya rasa abin kira. Ɗan ci-rani yanzu da bakinsa yake gai da uwarsa, kuɗi kuma mai POS ke ƙirga su a bakin kasuwa. Kaya da takardu sun koma hannun direbobi a tasha, a rubuta lambar waya a jikin kwali a ce in ka isa ka kira shi.

Abin da ya rage wa gidan waya shi ne takardun hukuma da na kotu, da saƙon da ke buƙatar shaidar an karɓa, da 'yan ƙunshin kaya. Kan sarki ma bai mutu ba, aikinsa ne ya sauya. In an yi cinikin gona ko fili, bayan an rubuta takarda shaidu sun hallara a gaban mai unguwa ko dagaci, akan aiki yaro ya sayo kan sarki a manna a ƙasan takardar, mai sayarwa ya sa hannu a kansa yadda rabin rubutun zai hau kan sarkin, rabi ya sauka a kan takarda.