Tarihin Tikiti Mai Araha Tsakanin Turai da Amurka

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau ta Kano, ya aiko mana takarda yana cewa ƙanensa da ke zaune a Ingila zai je Amurka ya shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa, kuma yana ta cigiyar jirgin sama mafi araha da zai ƙetarar da shi. Shi ne yake tambaya: wai yaushe aka fara wannan tikiti mai araha, kuma don me mutum zai hau jirgin sama don kawai ya je ya hau jirgin ruwa?

To Malam, mun gode da takardarka. Tambayoyin nan naka guda biyu, amsarsu ɗaya ce.

A da can, duk mai son ƙetare tekun Atilantika sai dai ya bi jirgin ruwa. Manyan jirage irin su Queen Mary, wanda ya fara aiki a 1936, sukan yi kwana huɗu zuwa biyar a kan ruwa. A 1919 ne wasu Turawan Ingila biyu, Alcock da Brown, suka fara ƙetare tekun ta sama ba tare da yada zango ba, cikin kamar awa 16. Kamfanin Pan Am na Amurka kuwa sai a 1939 ya fara jigilar fasinja. Amma kuɗin, sai mai hannu da shuni.

Dalilin tsadar shi ne, manyan kamfanonin suna da ƙungiya mai suna IATA, wadda aka kafa a 1945. A wancan lokaci, nan suke zama su yanke farashi, kowa ya bi, kamar dai yadda 'yan kasuwa kan haɗa baki a kan kuɗin buhu. A 1952 suka ɗan sassauta, suka fito da kujeru masu rangwame, kana a 1958 suka ƙara fito da na ƙasa da su. A watan Oktoba na wannan shekara ta 1958 kuma jirage masu injin jet suka fara wannan hanya. Tafiyar kwana biyar ta koma ta awoyi. Tun daga wajen wannan lokaci masu bin sama suka fi masu bin ruwa yawa.

To ka san an ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Masu jiragen ruwa suka rasa fasinja. Queen Mary ya daina aiki a 1967. Jirgin Faransa mai suna France aka ɗaure shi a 1974, daga baya aka sayar da shi, aka sa masa suna Norway, ya koma ɗaukar masu yawon shaƙatawa a tekun Karebiyan daga 1980. Wato jirgin ruwa ya tashi daga abin tafiya ya zama wurin hutu, shi ya sa yanzu sai ka bi sama ka same shi a tasharsa, kamar birnin Miami.

Batun araha kuwa, wani ƙaramin kamfani na ƙasar Iceland, Loftleidir, shi ya fara ɓalle wa manya. Bai shiga IATA ba, don haka farashinsu bai ɗaure shi ba. Daga 1955 yana kwasar mutane tsakanin Luxembourg da New York, ya yada zango a ƙasarsa. Tafiyar ta fi daɗewa, amma ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka yi masa caa.

Wanda ya fi suna a wannan harka shi ne Freddie Laker, mutumin Ingila. Ya yi shekaru yana fafutukar neman izini, sai ranar 26 ga Satumba, 1977 jirginsa mai suna Skytrain ya tashi daga Landan zuwa New York a kan fam 59. Ba a kama wuri tun da wuri. Ranar tafiya ka zo ka bi layi ka sayi tikiti, tamkar tashar mota. Abinci ma sai ka biya daban. Amma fa Laker ya ciwo bashin sayen jirage da dala, alhali yawancin cinikinsa da fam yake. Da darajar fam ta faɗi a 1981, bashin ya kumbura, ga manyan kamfanoni su ma sun karya farashi. Ranar 5 ga Fabrairu, 1982 kamfanin ya durƙushe da bashin kusan fam miliyan 270, dubban fasinjoji suka maƙale a ƙasashen waje. Wasu sun sake gwadawa: WOW air na Iceland ya rushe a watan Maris na 2019, Norwegian kuma ya daina doguwar tafiya a 2021.

Saboda haka ga abin da za ka gaya wa ƙanen naka. Araha ba laifi ba ce, don ita ta buɗe wa talaka hanyar da a da sai attajiri. Amma ya haɗa lissafi tukuna: kuɗin kaya, kuɗin abinci, da kuɗin canza rana, domin sau da yawa ba sa cikin farashin da aka tallata. Kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa. In ya sayi tikitin biyu daban-daban, jirgin sama ya makara, asarar tasa ce. Gara ya isa da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, ya biya kuɗin masauki, da a ce ya iso bakin ruwa ya tarar jirgi ya ɗaga.