Tarihin Sarrafa Ƙwayar Gadon Girma a Dabbobin Kiwo

Sinadarin girma yana fitowa ne daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Kaɗan-kaɗan yake sakinsa cikin jini, ya tsaya, ya sake, da haka ƙashi da tsoka ke ginuwa. A 1982 masana biyu a Amurka, Richard Palmiter da Ralph Brinster, suka ɗauki ƙwayar gadon da ke haɗa wannan sinadari, suka liƙa mata wani makunni da sinadarin zinki ke tayarwa, suka dasa a ɓeraye. Wasu suka kusa ninka 'yan'uwansu girma.

Nan take hankali ya koma kan dabbobin kiwo. A 1985 aka ba da rahoton zomaye da tumaki da aladu masu ɗauke da irin wannan dashe, aikin da cibiyar ma'aikatar gona ta Amurka a Beltsville ta yi fice a kansa, inda Vernon Pursel ke cikin jagorori. An fi mayar da hankali ga alade saboda yawan haihuwarsa da kasuwar namansa a can.

Dashen ya kama, amma makunnin ya ƙi kashewa. Zinkin da ke cikin abinci na yau da kullum ya isa ya bar shi a kunne, sinadari na kwarara dare da rana. Rahoton 1989 ya nuna kitse ya ragu, abinci na yin auki, sai dai dabbobin sun sha wuya: gyambon ciki, kumburin gaɓoɓi, ɗingishi, ciwon zuciya da ƙoda, ga rashin haihuwa. Wasu tumakin kuma ciwon suga ya kama su. Abin tausayi ne, kuma shi ya tilasta masana neman makunnin da za a iya kunnawa a kashe, ko wanda zai yi aiki a tsoka kaɗai.

A nan Najeriya, a ƙasar Gumel, ba a kiwon alade, amma burin masanan bai bambanta da na mai turka ragon layya ba. Wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis zai ga yadda dillali ke shafa gadon bayan ragon Balami ko Uda, yana duba tafiyarsa. Gurgun rago ba ya daraja komai ƙibarsa. Zaɓen iri mai kyau da dusa da harawa ne dogaron makiyayan nan, kuma ta hanyar zaɓen iri cibiyar Shika ta Zariya ta samar da kazar ShikaBrown.

Game da dashen ƙwayar gado kuwa, tun 2015 Najeriya na da hukumar da sai da izininta ake shigo da halittar da aka sauya wa ƙwayar gado.