Daga Hubbare zuwa Bahar Maliya: Sambuk a Tarihin Hijirar Gabas

Turawa sukan tuna hijirar kakanninsu da sunan jirgin da ya ɗauke su, kamar Mayflower wanda ya kai Ingilishi Amurka a 1620. Mutanen ƙasar Hausa kuwa hanyar tudu suke tunawa, har aka kusa mantawa da cewa ƙarshen tafiyar masu nufin Makka a kan ruwa yake.

Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817 aka binne shi a Hubbare, jama'a suna riƙe da zancen cewa wata rana za a ƙaura gabas a tarbi Mahadi. Da Nasara suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita, ya bar Hubbaren a baya, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa. An kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nil a Sudan.

Wanda bai tsaya nan ba, sai ya nufi Sawakin, inda kimanin kilomita 300 na teku ke tsakaninsa da Jidda. Abin hawan talaka shi ne sambuk, wato jirgin katako na Larabawa mai filafili mai kusurwa uku, wanda iska kaɗai ke korawa. In iska ta kwanta, jirgi ya tsaya cik, ruwan sha yana ƙarewa, ga duwatsun murjani a ƙarƙashi. Abin lura shi ne, dokar Nasara ta ƙara wa wannan jirgi kasuwa: da aka tsananta fasfo da kuɗin killacewar lafiya, marasa hali suka riƙa zagayewa ta gaɓar Masawa, ƙasar da Italiya ke mulki, su shiga sambuk a ɓoye, a sauke su wajen Lis ko Ƙunfuza. A can ne waɗansu matuƙa marasa amana suka sayar da 'ya'yan alhazai bayi, ga shi Saudiyya ba ta soke bauta gaba ɗaya ba sai 1962.

Da yawa daga waɗanda suka tsira ba su komo gida ba. Zuriyarsu na cikin waɗanda ake kira Takari a Makka da Madina da Jidda.