Injiniyancin Manhaja

Injiniyancin manhaja fanni ne da ke koyar da yadda ake tsara manhajar kwamfuta da ta waya, a rubuta ta, a gwada ta, a kuma ci gaba da gyara ta bayan ta shiga hannun jama'a. Sunan ya yaɗu ne daga taron da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta Jamus a 1968, lokacin da manyan ayyukan manhaja ke yawan wuce wa'adi da kasafi.

Aikin yakan fara da sauraron masu buƙata, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi ta Nijar, alƙaluman cibiyoyin lafiya na shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa. Duk wanda ya tsara irin wannan aiki bai yi la'akari da yankewar lantarki da raunin intanet a karkara ba, ya ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyi a banza, kuma rahoton ƙyanda ko tamowa na iya makara.

Ta fuskar ɗa'a, ƙungiyoyin ƙwararru na ACM da IEEE sun amince da ƙa'idoji 8 a 1999, inda amfanin jama'a ya zo farko, gaba da buƙatar mai biyan kuɗi. Na'urar jinyar sankara mai suna Therac-25 ta nuna dalili: kuskuren manhajarta ya hallaka marasa lafiya tsakanin 1985 da 1987. A Nijar, an kafa dokar kare bayanan sirrin mutane a 2017, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP sa ido kan aiwatar da ita.