Jiran ranar ƙarshe da zuwan mishan ƙasar Hausa

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walta Gowans da Tomas Kent da Rolan Bingam, suka sauka Legas da nufin kai wa'azin Kirista cikin ƙasar Sudan. Cikin 1894 zazzaɓi ya kashe Gowans a Girku, ya kashe Kent a Bida. Bingam ya koma gida da ciwo, amma bai haƙura ba, har ƙungiyarsa ta SIM ta kafa zangonta na farko a Fategi cikin 1902.

Me ya sa suka nace haka? Amsar tana cikin aƙidarsu game da ƙarshen zamani. Sun yi imani cewa duniya lalacewa za ta yi ta yi, har Almasihu ya komo ya yi mulkin shekara dubu da aka ambata a Ru'ya ta Yohanna, sura ta 20, sannan a yi shari'ar ƙarshe. A wurinsu ceto ta bangaskiya kaɗai yake samuwa, saboda haka duk wanda ya mutu bai ji bishara ba, yana cikin hasara. Sun kuma karanta a Matta, sura ta 24, cewa sai bishara ta kai ga dukan al'ummai kafin ƙarshe ya zo. Ke nan kowane garin da aka isa da wa'azi, an matso da ranar.

Wannan gaggawa ce ta kawo su Damagaram cikin 1924, daga baya Tsibiri da Maraɗi. Ita ce kuma ta tsara aikinsu. Sun ƙware da Hausa, sun dogara ga Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassarawa cikin 1932, amma sun daɗe ba su kula da lakwal ta Faransanci ba, domin ga mai jiran tashin duniya, takardar shaidar karatu ba abin damuwa ba ce. Ƴaƴan Kiristocin farko na ƙasar Maraɗi su suka ɗanɗana kuɗar wannan zaɓi lokacin da aikin gwamnati ya bukaci Faransanci, kuma batun makaranta ya zama abin saɓani tsakanin iyayensu da mishan.

Duk da haka, asibitin Galmi da suka buɗe cikin 1950 yana nan yana karɓar marasa lafiya, Musulmi da Kirista, fiye da shekara 70 bayan kafa shi.